Shuɗɗan Kajin Delmer da Baƙin Zakaran Maƙwabci

Verlie ƙawata, gyara zama ki ba ni kunnenki. Kin tambaye ni abin da ya sami faratan hannuna a hoton bikin 'yata Glenna, na ce miki wanki ne. Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙarasa gaskiyar ba. Tun da kika yi nisa ba ni da wanda zan juye wa cikina a kwarin nan sai Ubangiji, shi kuwa ya riga ya ga komai, har kunyar maimaita masa nake ji.

Kin dai san mijina Delmer, bai taɓa fara ƙaramin abu ba. Shekarar da ya ce zai yi kiwon zuma, mu ne muka bar wa zuma gidan. To, wata Asabar a farkon bazara ya tafi kasuwar dabbobi da bindigar farautar babansa a kafaɗa. Ya dawo babu bindiga, sai akwatin katako, a ciki zakara ɗaya da kaji uku.

"Odessa, goge hannunki kafin ki matso. Kin taɓa ganin kaza shuɗiya?"

Na leƙa. Na ce, "Delmer, waɗannan ai ruwan toka ne."

"Toka! Ji ƙauyanci. Shuɗi ake cewa. 'Yan Andalus ne, daga ƙetaren teku kakanninsu suka zo. Duk gundumar nan babu mai ko gashinsu."

"Ina bindigar Baba?"

"Bindiga tana yin ƙwai ne?"

A kan kwanon wake da burodin masara ya shimfiɗa mini tsarin. Zai tara su su cika tsakar gida, ya kafa allo a bakin hanya da sunan gidanmu, Shuɗin Napier. Ranar baje kolin amfanin gona na gunduma zai kwashe lambar farko, manyan mutane su riƙa zuwa daga birnin Lexington da motoci suna roƙon ƙwai. Jarida kuma za ta ɗauki hotonmu, ni da shi, kowa da kaza a hannu.

Verlie, maimakon in yi masa addu'ar shiriya, sai zuciyata ta maƙale a wurin jaridar nan. Ni da na koyi haɗa baƙi a jikin buhun dusa da gwangwanin gishiri, a ce wata rana in buɗe jarida in karanta sunana? Na shiga ɗaki na tura ƙofa, na tsaya gaban madubi ina gwada yadda ake riƙe kaza cikin mutunci. Da matashin kai na gwada.

Ranar Lahadi, ko addu'ar rufewa ba ta huce ba, Delmer ya tsaya a matakalar coci yana shela. Maƙwabcinmu na ƙetaren rafi, Hobart Caudill, yana gefe yana sakace. A lokacin ɗansa Lonnie ya riga ya nemi Glenna, an ba shi, an sa biki da kaka.

Hobart ya ce, "Ɗan'uwa Delmer, ƙwan ne zai fito shuɗi, ko romon?"

"Kai dai ci gaba da kiwon wannan guntun gawayin naka. Ilimin iri ba na kowa ba ne."

Guntun gawayin kuwa shi ne zakaran Hobart, baƙi wuluk, ƙato, ana ce masa Gwamna saboda yadda yake zagaya kaji yana gaisawa kamar mai neman ƙuri'a.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Delmer. "Shuɗi da shuɗiya, me za su haifa? Ko jariri ya san amsa."

Kaji suka yi kwanci, suka ƙyanƙyashe. Muka durƙusa bakin akurki ni da shi kamar masu jiran wahayi. Wajen rabi suka fito ruwan toka irin iyayensu. Sauran kuwa, wasu baƙi ƙirin, wasu farare masu ɗigo-ɗigo kamar an yarfa musu tawada. Delmer ya ce a ba su lokaci, gashin jarirai ne. Aka ba su lokaci. Baƙaƙen suka ƙara baƙi, fararen suka ƙara haske.

Na ce, "Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba."

Ya tsaya yana kallon ƙetaren rafi, inda Gwamna ya hau kan kututture yana cara. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ɗauko kwandon wankina, ya tsince duk wanda ba ruwan toka ba ya zuba, ya ratsa rafi da takalmansa. Na bi shi a baya ina riƙe da gefen riga.

"Hobart! Fito ka karɓi jikokinka!"

Hobart ya fito da kofin kofi, matarsa Nola a bayansa. "Jikokina? Ai ba a ɗaura auren ba tukuna."

"Fasiƙin zakaranka ya haura gidana ya lalata mini iri!"

"Gwamna? Ko yayyafi aka yi sai ya shige ƙarƙashin mota, shi ne zai ƙetare rafi?"

"Ga shaida nan a kwando!"

Hobart ya leƙa a hankali. "To, baƙaƙen na ji, mu ce nasa ne. Fararen fa? Ko wanka ya yi kafin ya koma zagaye na biyu?"

Nola ta toshe baki da gefen riga. Sai Delmer ya kifar da kwandon a tsakar gidansu, tsaki suka watse ko'ina.

"Duk ku riƙe! Kuma ku ji da kyau. Na rantse a gaban Allah, 'yata ba za ta shigo gidan nan da sunan aure ba muddin tsinannen zakaran nan yana numfashi!"

"To shi ke nan," in ji Hobart. "Daga yau man kifi zan riƙa ba shi. Sai ya binne mu duka."

Kin san mazan kwarin nan da rantsuwa. Gara a ce musu su haɗiye garma. Biki ya tsaya cak. Glenna ta yi kuka har idonta ya koma kamar tumatir, Delmer kuwa ya cire kwanon rufin rumbun taba ya kafa katanga a bakin rafi, doguwa, ko hayaƙin gidan Hobart ba ma gani. Taba ta jiƙe, wannan wani labarin ne.

Amma tambayar Hobart ta tsaya masa a maƙogwaro. Da safe yana juya cokali a kofi yana cewa, "Fararen fa? Fararen fa?" A nan ne, ƙawata, kaza mai tone-tone ta tono wuƙar yanka ta. Kazar kuwa ni ce.

Kin tuna kakata, ungozomar da ta karɓi rabin mutanen kwarin nan. Ita ta koya mana cewa abin da mai ciki ta ƙura wa ido shi ke fitowa a jikin jariri. Ba ga ɗan Sizemore nan ba, da tabo kamar kan maciji a ƙafa, don uwarsa ta taka maciji a gonar masara? Na ajiye tukunya na ce, "Delmer, me kajin nan suke kallo tun safe har yamma?"

Muka juya tare muka dubi taga. Ga zannuwan gadona farare tas suna kaɗawa a igiya, daidai ƙofar akurki.

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Odessa, ashe akwai kai a ƙarƙashin ɗankwalin nan."

Shekara talatin ina dafa wa mutumin nan abinci, ban taɓa samun yabo irin wannan ba. Na ji kaina ya kumbura. Har na ƙara da cewa, "In fari na jawo fari, ai shuɗi zai jawo shuɗi." Ubangiji ya gafarta mini, da bakina na faɗa.

Washegari ya dawo da bular wanki kwali guda da fenti shuɗi. Zannuwan gado aka fara tsomawa, sai labule, sai singiletinsa, sai rigar da nake sawa ranar cin jibin Ubangiji. Ni ce mai tsomawa, hannu tsirara, shi ya sa har yau faratana ba su dawo ba. Ya fente akurki ciki da waje, kuma bai jira ya bushe ba ya mayar da kajin, suka fito kowacce da tambarin bango a gefe ɗaya. Ya fente kwanon ruwansu, ya fente gatari, ya fente dutsen da ke bakin ƙofa.

Sai ya waiwaya ya ga karenmu, fari fat, yana kwance yana kaɗa wutsiya.

"Delmer, kada ka yi."

"Riƙe mini ƙafafunsa na baya."

Na riƙe. Kare ya fito daga bahon bula kamar sararin sama, ya kuɓuce ya bi hanya yana kuka. A ranar tsohuwa Begley ta gan shi a bakin maƙabarta, ta koma gida ta kwanta ta ce a kira mata 'ya'yanta, ƙarshen duniya ya zo. Saniyarmu kuwa wake-wake ce, baƙi da fari, laifi biyu ke nan a jiki ɗaya. Baho bai ɗauke ta ba, sai aka ɗinka mata riga da tsofaffin wandunan aikinsa. Motoci suka riƙa rage gudu a bakin hanyarmu. Delmer ya ce, "Kin gani? Tun ba a kafa allo ba an fara zuwa."

Ana cikin haka Fasto Ledford ya zo sulhu. Ya shigo tsakar gida da baƙar kwat da farar riga, yana murmushi, daidai lokacin da kaji ke kiwo. Delmer yana kan tsani. Ya yi wata ƙara, ya diro, ya fizgi bargon da na shanya, ya rufe Fasto da shi tun daga kai har gwiwa, ya rungume.

"Ɗan'uwa Delmer! Ni ne! Ni ne!"

"Na san kai ne, Fasto, yi haƙuri, bi ni a hankali. Akwai matakala a gabanka. Odessa, tare kajin, kada su kalle shi!"

Ni kuwa, uwar 'ya'ya, mai koyar da yara a makarantar Lahadi, na buɗe siket ɗina da hannu biyu na tsaya tsakanin kaji da bawan Allah. A cikin bargon ya yi mana nasihar, a kan kujerar kicin, don Delmer ya ce taga a buɗe take. Da zai tafi ya ce zai sa mu a addu'a, kuma daga muryarsa na san ba faɗa kawai ya yi ba.

Ƙyanƙyasa ta biyu ta zo. Rabi ruwan toka, sauran baƙaƙe da farare, kamar an kwafa.

Na ce, "Yanzu fa? Ga katanga, ga fenti."

Can ƙetare Gwamna ya yi cara. Sai Delmer ya ɗaga yatsa. "Kin ji? Kunne! Mun toshe ido mun bar kunne. Carar tasa ma baƙa ce."

Rediyonmu ya koma akurki, kaji suka wuni suna jin farashin taba da waƙoƙin coci. Duk tsakon da ya fito ba ruwan toka ba kuwa, da ya yi ɗan nama sai tukunya, don kada sauran su gan shi su koya. Mun ci kaza soyayya, mun ci dafaffiya, mun ci gasassa, har Fasto ya fara cewa yana da wani alƙawari in na gayyace shi. Kin taɓa jin mai wa'azin da ya gudu daga kaza?

Da hunturu ya shiga, wata safiya Delmer ya buɗe ƙofa ya ga dusar ƙanƙara ta rufe duniya, tudu da kwari, fari fat har iyakar gani. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗaga kai sama ya ce a hankali, "Har da kai?"

Duk wannan lokacin, wurin ɗinkin bargo na matan coci kaɗai nake haɗuwa da Nola. Mukan zauna gefe ɗaya muna magana ƙasa-ƙasa kamar ɓarayi. Da bazara ta zagayo na tambaye ta tsakin da aka zubar musu.

Ta ce, "Baƙaƙen duk zakaru ne, sun dami Gwamna da faɗa, mun cinye. Fararen kuwa akwai ƙwai, ba laifi. 'Ya'yansu ne dai munana, kamar an birkiɗa su a murhu."

Na ce Allah sarki, na ci gaba da ɗinki. Kai ɗin nan da ke ƙarƙashin ɗankwali ko motsi bai yi ba.

Ana saura kaɗan baje koli Glenna ta same ni ina ɓarar wake. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a gwiwata kamar tana ƙarama.

"Mama, Lonnie ya sami aiki a masana'anta a Ohio. Da an tashi baje koli zai tafi, kuma da ni zai tafi. Ko a cocinmu, kina kujerar gaba, ko a kotun can, da baƙi biyu a matsayin shaidu. Na jira shekara guda saboda zakara, Mama. Zakara!"

Verlie, a nan dariya ta ƙare mini. Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana. Tun tana goye nake ajiye mata farin leshin da uwata ta bar mini, shi kaɗai na ɓoye wa bula a ƙasan akwati. Na gwada Delmer, ya ce rantsuwa ba riga ba ce da za a tuɓe. Sai na ɗaga siket na ratsa rafi ta bayan katanga, na sami Nola, muka yi kuka tare, muka tare Hobart a rumfar alfadari.

Ya ce, "Ni zan yanka zakarana don mijinki ya haukace? Gobe in ya ce alfadarina ya harare shi fa?"

Nola ta ce, "To ka zauna da zakaranka. Shi zai haifa maka jikoki, shi zai riƙa toya maka burodi."

Ya ce zai yi tunani. Na dawo gida ban san matsayina ba, sai addu'a.

Ranar baje koli Delmer ya sa sabon wando, ni na sa hular da na saya tun bara saboda jarida. Ya zaɓi uku mafi kyau a cikin kajin, ko da yake mafi kyawun ma fenti bai gama fita daga gashin gefenta ba. Kafin a fara duba kaji muka biya rumfar abincin matan coci. Nola ce a kan tukunya, farfesun kaza mai curin fulawa. Ta cika masa kwano. Ya share, ta ƙara. Ya share, ta ƙara.

Yana suɗe cokali ya ce mini, yadda za ta ji, "Naman da ɗan tauri, amma akwai ɗanɗano. Ko a gidan maƙiyi, gaskiya gaskiya ce."

Alƙaliyar kaji wata mata ce daga kwalejin noma, siririya, da tabarau a rataye a wuya. Ta ciro kazarmu daga keji, ta buɗe fiffike, ta kankara da farce, ta shinshina.

"Malam, wannan fenti ne?"

"Na bango ne, ranki ya daɗe. Jingina ta yi."

Ta ciro ta biyu. "Wannan ma jingina ta yi?"

"Kansu ɗaya, tare suke komai."

Ta mayar da kazar. Tana juyawa sai ta tsaya, ta sa tabarau, ta nufi bakin rumfa, mutane suka bi ta. Can ga Hobart zaune a bayan motar Lonnie da keji biyu cike da kaji, ya kawo sayarwa ga masu neman na miya. Verlie, ruwan toka ne dukansu. Babu baƙi, babu fari, sumul kamar an zuba su daga tulu ɗaya.

Delmer ya ture mutane ya kutsa. "Ɓarawo! Jama'a ku shaida, kajina ne! Dattijon coci guda da satar kaji!"

Hobart ya miƙe. "Wa zai saci wannan munin? Tun safe nake neman mai raba ni da su."

"Baba," in ji Glenna daga bayan Lonnie, "sauran naka suna gida cif, ni na ba su ruwa da safe. Suna jin labaran rediyo."

Aka fara ƙyalƙyala. Alƙaliya ta ɗaga hannu ta tambayi Hobart iyayen kajin. Ya ce uban baƙin zakaransa ne, iyayen mata kuwa wasu farare masu ɗigo da wani bawan Allah ya zubar masa a tsakar gida kyauta, har da kwando.

Ta gyaɗa kai. "Ai dole. Launin nan ba ya tsayawa da ƙafarsa, gauraye ne, kamar kofi da madara. Baƙi shi ne kofi, farin nan mai ɗigo shi ne madara. In ka haɗa su, kowane tsako sai ya ɗauki ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, duk su fito shuɗɗa. Amma in ka haɗa shuɗi da shuɗiya, kowannensu yana ɗauke da kofi da madara a jikinsa. Wani tsakon ya samo kofi biyu ya fito baƙi, wani madara biyu ya fito fari, rabi ne kawai ke samun gaurayen."

Delmer ya ce, "To... zanin gado fa?"

"Wane zanin gado?"

Da ma ya bar ta a nan. Amma Fasto Ledford yana tsaye a wurin, kuma shekara guda ke nan yana riƙe da labarin bargo a cikinsa. Ya fara, tsohuwa Begley ta karɓa da na kare, wani daga baya ya ce saniyar har aljihu gare ta. Alƙaliya ta cire tabarau tana share hawaye. Ta ce, "Wa ya ba ku wannan shawara?"

Mijina, uban 'ya'yana, ya juyo ya nuna ni da ɗan yatsa.

Na ja hular jarida na rufe fuskata. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na ce mata na gode.

Amma kin san Delmer, ko a rijiya ya faɗa sai ya ce wanka ya shiga. Kafin dariya ta lafa ya haye kan wani akwati ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku saurara! Kun ji da kunnenku, iyayen kajin nan daga gidana suka fito. Kuna tsammani banza na kai su ƙetaren rafi? Gwaji ne! Yanzu ga abin da za a yi. Fararen Napier, da Gwamna na gidan Caudill, zakaran da babu irinsa a jihar nan, kullum ina faɗa. Za mu cika Kentucky da shuɗi! Hobart, ɗan'uwana, surukina, na janye rantsuwata. Gobe da kaina zan zo in ɗauki Gwamna, a kujerar gaba zai zauna."

Hobart ya cire hularsa a hankali ya riƙe a ƙirji.

"Ba sai ka janye ba, Ɗan'uwa Delmer. Rantsuwarka ta cika tun asuba. Matan nan sun hana ni sakat, na ce to, saboda yara."

"Ta cika kamar yaya?"

Nola ta matso da ludayi a hannu. "Kwano uku ka ci. Kai ka ce akwai ɗanɗano."

Wurin ya yi tsit, har kukan alade ake ji daga ɗaya rumfar. Delmer ya dafa cikinsa da hannu biyu.

Alƙaliya ta tausaya masa, ta ce, "Kada ka damu, malam, ba sai shi ba. Kowane baƙin zakara daga cikin naka zai yi. Ina baƙaƙen da kajinka suka ƙyanƙyashe?"

Ya dube ni. Na ce daga ƙarƙashin hula, "Mun cinye."

"Fararen fa?"

"Da su muka fara."

Wani ya faɗo daga kan shinge don dariya. Fasto kuwa bai bar ƙarfe ya huce ba. Ya kama hannun Delmer ya sauko da shi daga akwati, ya kamo na Hobart ya haɗa, ya ce da muryar mimbari, "Tunda marigayin ya riga mu gidan gaskiya, akwai sauran mai wata hujja da za ta hana auren yaran nan?"

Delmer ya yi gyatsa. Fasto ya ce, "Na ɗauka a'a ke nan. Asabar mai zuwa."

Haka aka yi. Glenna ta shigo cocinmu cikin leshin uwata, fari tas, babanta na riƙe da hannunta, ni ina kujerar gaba ina kuka har Nola ta ba ni nata hankicin. Duk abin da na roƙa ke nan, kuma an ba ni, ko da yake ta hanyar da ban taɓa zato ba. A wurin walima aka miƙo wa Delmer cinyar kaza, ya kawar da kai ya ce shi yana makoki, a ba shi wake.

Yanzu yana zama a shagon dusa yana gaya wa matasa cewa shi ya gano sirrin kofi da madara, matar kwaleji ta zo ta tabbatar ne kawai. In ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Odessa?" sai in ce haka ne, in nemi gafara a zuci.

To kin ji. Amma don girman Allah, Verlie, ki bar shi a cikinki, ko mijinki kada ki gaya wa. Gundumar nan kaf ta sani, Ohio ma Lonnie ya riga ya kai musu. Garinku kaɗai ya rage mana a duniya inda za mu iya sauka daga mota a ce mana sannu da zuwa ba tare da an tambayi lafiyar saniya ba.